AMSAR TAKARDUNKU: Daga Dogaran Sarki Zuwa Shingen Kan Hanya

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, direban bas, mazaunin unguwar Gyallesu a Tudun Wadan Zariya, ya aiko mana da takarda yana cewa gardama ce ta kaure tsakaninsa da abokan aikinsa a tasha. Wasu sun ce duk direban da ɗan sanda ya tsayar a shinge ya ƙi tsayawa, to jininsa ya halatta, wasu kuma suka ce sam ba haka ba ne. Shi ne yake son mu ba shi tarihin kafa shinge a hanyoyin ƙasar nan, mu kuma gaya masa iyakar ƙarfin da doka ta yarda ɗan sanda ya yi amfani da shi a kan direba.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka, a kuma gaishe mana da mutanen tasha baki ɗaya. Amsar a taƙaice ita ce, ƙin tsayawa laifi ne, amma ba laifin da hukuncinsa kisa ba ne, kuma babu dokar da ta ba ɗan sanda ikon yanke hukunci a bakin titi. Sai dai tunda tarihi ka nema, bari mu faro daga tushe.

Kafin Turawa su ci Zariya a 1902, aikin tsaron gari yana hannun dogaran Sarki ne. Su ke kamo ɓarawo, su kai shi gaban alƙali, su kuma zartar da abin da aka yanke. A ƙofofin birni akwai masu gadi da ke lura da mai shiga da mai fita, fatake kuma su biya abin da aka aza musu. Ka ga ke nan tsayar da matafiyi a hanya ba sabon abu ba ne. Sai dai makamin dogari bai wuce bulala da sanda da takobi ba, kuma ɗan gari ne, an san gidan ubansa, in ya yi zalunci akwai inda za a kai kuka.

Su kuwa 'yan sandan Turawa, a Ikko aka ƙirƙiro su a 1861, da mutum 30 masu gadin ƙaramin jakadan Ingila. A 1879 aka kafa wata runduna mai ɗauke da bindigogi wadda aka raɗa wa sunan Hausawa, saboda yawancin waɗanda aka ɗauka Hausawa ne. Kamfanin Royal Niger ya kafa tasa a Lokoja a 1888, sannan a 1930 aka haɗe ta Arewa da ta Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Nijeriya. Abin lura a nan, tun farko an kafa su ne don su tsare wa mai mulki mulkinsa, horonsu kuma ya fi kama da na soja. A gefe guda, a shekarun 1920 aka fara mayar da wani sashe na dogarai 'yan doka a ƙarƙashin En'e, masu kaki da kulki. Su ma ba su tsira daga zargi ba, don a zamanin siyasar farko 'yan NEPU sun sha kukan cewa ana amfani da su wajen muzguna musu. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta tsai da shawarar rushe su, kafin shekarun 1970 su yi nisa an narkar da su cikin rundunar tarayya.

Shinge irin wanda ka sani yau, na ganga da katako mai ƙusoshi da mutum riƙe da bindiga, ya yaɗu ne a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da yaƙi ya ƙare, makamai suka bazu a hannun mutane, fashi ya yi yawa, har gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar harbe 'yan fashi a 1970. Ga kuɗin man fetur ya shigo, motoci sun cika hanya, kamfanin haɗa Fijo na Kaduna ma ya fara aiki a 1975. Sai shingen da aka kafa don yaƙi ya zauna daram da sunan maganin ɓarayi. 'Yan sandan kwantar da tarzoma, wato mobal, waɗanda aka horar don fuskantar masu bore, su ma aka zuba su a kan hanya suna duba takardun mota. Tun daga nan matsala ta soma, don an ba mutum makamin yaƙi, an kuma ce ya yi aikin duba lasin.

A watan Yulin 1981 wani ɗan sanda ya harbe Dele Udoh, ɗan wasan tseren da ke wakiltar Nijeriya, a wani wurin bincike a Ikko, abin da ya tayar da hankalin ƙasa. A 1986 kuma Lawrence Anini ya addabi Binin da fashi, aka tsananta shinge a ko'ina, amma da aka kama shi sai ga wani babban jami'in 'yan sanda, George Iyamu, cikin masu ba shi makamai, shi ma aka harbe shi a 1987. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, don a samu masu kula da laifin tuƙi zalla. Duk da haka shinge bai tashi ba. Ku direbobi kun fi kowa sanin zamanin da naira ashirin ta zama kamar kuɗin fito, da kuma kalmar da aka riƙa ji duk sa'ad da aka kashe direba ko yaron mota, wai bindiga ce ta tashi bisa kuskure.

Babban misalin da ya je gaban shari'a shi ne na matasa shida 'yan kasuwar Apo, maza biyar da mace ɗaya, waɗanda 'yan sanda suka kashe a Abuja a watan Yunin 2005, bayan sun tare motarsu da dare. Da farko cewa aka yi 'yan fashi ne. Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin bincike, kwamitin ya gano ba haka ba ne. Amma sai a watan Maris na 2017, bayan kusan shekara 12, kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku. Haka kuma ɗan sandan da ya harbe lauya Bolanle Raheem cikin motarta a Ikko ranar 25 ga Disamba 2022, an yanke masa hukuncin kisa a watan Oktoban 2023. Wannan ya isa ya nuna wa abokan gardamarka cewa kaki ba ya kare mutum daga shari'a.

To me doka ta ce? Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa. Ya yi togaciya a wurare uku: kare wani daga farmaki ko kare dukiya, kama mai laifi ko hana wanda ke tsare tserewa, da kwantar da tarzoma. Amma ko a nan sai ƙarfin ya zama gwargwadon abin da ya wajaba, ba fiye ba. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ma ta zo da wannan ƙa'ida, cewa mai kare kansa ba shi da ikon yin ɓarnar da ta wuce bukatar kariyar. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, a taron da ta yi a Habana ta ƙasar Kuba a 1990, ta ce kada jami'i ya yi harbin kisa sai in babu wata hanyar ceton rai. Inda aka daɗe ana samun kafa shi ne wani umurnin cikin gida na 'yan sanda mai lamba 237, wanda ya yarda a harbi wanda ake zargi da babban laifi in ya ruga. Philip Alston, jami'in Majalisar da ya zo bincike a 2005, ya soki umurnin ƙwarai, haka ƙungiyar Amnesty a rahotonta na 2009. A 2019, zamanin Sufeto Janar Muhammad Adamu, aka yi masa kwaskwarima, aka ɗaure harbi da sharaɗin barazana ga rai. Shi kansa shingen, Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ba da umurnin a ɗauke shi a 2012, Ibrahim Idris ya maimaita a 2017, kuma yawan maimaitawar kaɗai ya ishe ka sanin ko an bi.

Malam, kai da ke Gyallesu ba sai an yi maka dogon bayani a kan abin da ake nufi da wuce gona da iri ba. Rikicin 12 ga Disamba 2015 a kan hanya ya faro, lokacin da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky suka tare ayarin Hafsan Sojojin Ƙasa, Laftanar Janar Tukur Buratai, kusa da Husainiyya, kafin abin ya kai unguwarku. Sojoji ne ba 'yan sanda ba, amma ma'aunin ɗaya ne. Hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ta ce a rahotonta na 2016 fararen hula 348 ne suka rasu, da soja ɗaya. Ta ga laifin masu tare hanya, ta kuma ce ƙarfin da sojoji suka yi amfani da shi ya wuce kima. Wato laifin wancan bai wanke wannan ba.

Ba kuma mu kaɗai ke fama da abin ba. A Amurka, dukan da 'yan sandan Los Anjalas suka yi wa wani baƙar fata, Rodney King, bayan sun tsayar da motarsa a 1991, shi ya jawo tarzomar 1992 da ta ci rayuka fiye da 50. A Faransa ma an yi kwanaki ana ƙone-ƙone a 2023, bayan ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 17 da ya ja mota aka tsayar da shi.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan sandan da ke tsaye a daji da tsakar dare bai san wanda ke cikin motar da ta nufo shi ba, kuma an sha kashe su a bakin aiki, musamman tun da Boko Haram da masu satar mutane suka bayyana. Direban da ya kashe fitila ya taho a guje, ko ya nemi take mutum, ya mayar da motarsa makami, a nan kuwa doka tana tare da ɗan sanda. Wanda kuwa ya wuce kawai don takardunsa sun ƙare, ko don ya ƙi ba da na goro, abin da ya dace shi ne a ɗauki lambarsa a kai shi kotu.

Saboda haka shawararmu gare ka, in an tsayar da kai ka tsaya, ka kunna fitilar cikin mota in dare ne, ka bar hannuwanka inda za a gan su, kada ka yi cacar baki da mai bindiga, don fasinjojin da ka ɗauko amana ne. In an zalunce ka, ka riƙe suna da wuri da lokaci, ka sami shaidu, ka bi ta ƙungiyarku ta direbobi zuwa Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Da fatan ka gamsu, gardamar tasha kuma ta mutu. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun ji daga gare ku a mako mai zuwa.