Wa Ke Leƙa Gidan Mari?

Tun zamanin sarakunan Sefawa, kafin a kafa Yerwa, wato Maiduguri, a 1907, gidan malami a ƙasar Barno wuri ne da hukuma ba ta kutsa kai. Mai, wato sarkin Barno, yakan ba babban malami takardar da ake kira mahram, wadda ta ɗauke masa haraji, ta kuma hana barorin sarki taɓa shi da zuriyarsa. A inuwar wannan kariya karatun allo ya yi ƙarfi, har Bahaushen Kano ko Katsina mai neman hadda ya riƙa cewa zai tafi Gabas. Cikin yaran da iyaye ke danƙa wa malam akwai wanda ya gagari gida. Shi ne ake sa wa mari a ƙafa don kada ya gudu, ya zauna da allonsa har ya nutsu. Ba takardar izini, ba mai zuwa dubawa. Abin da ke tsare yaron shi ne zauren a buɗe yake, bulama, wato mai unguwa, ya san malamin, maƙwabta suna jin duk abin da ke gudana, kuma malamin yana tsoron a ce ya ci amana.

Turawa da suka zo ba su canza wannan ba. Dokarsu ta 1916 kan masu taɓin hankali, wadda aka sabunta a 1958, ta tsarewa ce kawai, shi ya sa a Arewa da yawan marasa lafiyan a gidan yarin En'e suka ƙare. Zauren malam kuwa ba ta ko ambace shi ba.

Abin da ya canza shi ne irin waɗanda ake kaiwa. Da ƙaramin kangararre ne, yanzu ƙato ne mai shekara talatin da ƙwaya ta kama. An kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989, amma ƙarfinta ya fi tafiya wajen kama masu fatauci. Daga 2009 rikici ya auka mana, garin Maiduguri ya cika da 'yan gudun hijira, tiramol ya zama abin da matashi ke haɗiya don ya iya aikin ƙarfi ko ya manta abin da idonsa ya gani. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shaye-shaye miliyan 14.3 tsakanin shekara 15 zuwa 64. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke hanyar Baga yana karɓar masu shaye-shaye, amma asibiti ɗaya ba zai ɗauke nauyin jiha ba, kuma uwar da ke sana'ar ƙosai ba ta da kuɗin gado. Sai gidajen mari suka zama sana'a: katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, kuɗin wata.

Ɗan yayata yana cikin waɗanda aka kai irin wannan gida a bayan gari. Uwarsa ta sayar da akuyoyinta ta biya. Duk ran da ta kai masa abinci, a bakin ƙofa ake karɓar kwanon, a ce mata: “Hajiya, ki yi haƙuri, ganinki zai dawo masa da aiki baya.” Ranar da muka ɗauko shi, ni na cire masa takalmi. Idon sawunsa duka biyu sun yi baƙin zobe inda ƙarfe ya ci fata, ɗaya yana ruwa. Ya ce makon farko, da jikinsa ke karkarwa yana amai saboda rashin ƙwayar, bulala aka ba shi, wai aljanin ne ke fita. Wannan hali likita ya san shi, akwai maganin da ke sassauta shi, kuma ga wasu ƙwayoyin yanke su farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya. Babu ko ma'aikacin jinya ɗaya a gidan.

Ƙasa ta farka a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawa cikin sarƙa. A watan Oktoba aka yi irinsa a Daura da Katsina da Zariya, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe gidajen mari. Na yi murna da kuɓutar mutanen nan. Amma shekara guda kafin haka, fim ɗin BBC kan kodin ya nuna matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar Dorayi ta Kano, wadda ta gwamnati ce. Ke nan matsalar ta wuce malamai. Kuma rufewa ba tare da an tanadi wurin kai yaran ba tana tura gidajen ƙauyuka ne, inda babu ma maƙwabcin da zai ji kuka.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙin kada a wulaƙanta shi. Shugaban NDLEA tun 2021, Buba Marwa, ya yi gwamnan Barno daga 1990 zuwa 1992, don haka ya san garin nan. Abin da nake so in gani a Maiduguri ba mai wuya ba ne. Duk gidan da ke kwantar da mai shaye-shaye, na malami ne ko na ɗan kasuwa ko na gwamnati, ya yi rajista da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, a rubuta sunan kowane majiyyaci da ranar shigarsa. Likita ya duba shi kafin a rufe masa ƙofa. Masu bincike su riƙa zuwa ba sanarwa, tare da bulaman unguwa, su ce a ɗaga ƙafar wando. Uwa ta ga ɗanta duk mako. Sannan a zauna da alarammomin tsangaya wajen tsara wannan ƙa'ida, domin har gobe su iyaye ke fara nema idan yaro ya lalace, kuma na ƙwarai cikinsu su suka fi kowa sanin waɗanda ke fakewa da sunan allo suna karɓar kuɗin wata.