Shekarar IT ta 'yan akanta a Mubi, daga baitulmali zuwa yau

Duk lokacin da 'yan ND2 suka ajiye biro a Poli ta Mubi, magana ɗaya ce ke yawo a hostal da wajen mai shayi: "Kai ina za ka yi IT?" Wani ya ce gida zai koma ya huta, in lokacin HND ya yi akwai kawunsa da zai buga masa takarda da hatimi. To 'yan uwa 'yan sashen akanta, ni da na yi tawa shekarar a wani ƙaramin ofishin odita, ina so in ɗan ja ku baya ku ga inda wannan abu ya fito. Sana'ar nan tamu tun asali a gefen teburin wani ake koyonta, aji daga baya ya zo.

Wajen 1911 Turawan Ingila suka tsara baitulmali a masarautun Arewa, Katsina ce ta fara a zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer. Haraji da jangali su shiga asusu ɗaya, sarki da hakimai su koma karɓar albashi, a riƙa rubuta shiga da fita. Wa zai rubuta? Ma'aji da malamansa, kuma babu wata kwalejin akanta da ta yaye su. Yaro ya iya karatu da lissafin fam da sule, a zaunar da shi kusa da babban malami, yana cike rasit, yana kwafe leja, har hannunsa ya faɗa. Di'o kuma ya zo rangadi ya ƙirga kuɗin akwati ya gwada da littafi. Odit ke nan, ko da ba a kira shi da sunan ba.

Mubi kuwa nata labarin daban ne. Lokacin da ake wannan a Katsina, garin nan yana hannun Jamus, cikin Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba Ingila riƙon amanar yankin, ta haɗa shi da Lardin Adamawa, harajin Mubi yana tafiya baitulmalin En'e a Yola. Amma da yake amana ce, dole Ingila ta aika rahoto duk shekara zuwa Janiba, daga baya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, har da bayanin kuɗin shiga da abin da aka kashe. Ku duba fa: alƙaluman da malamin jangali ya rubuta a ƙauyukan nan suna cikin jimlar da wasu ke yi wa tambayoyi a Turai. Kuma ƙorafin cewa komai sai an je Yola yana cikin abin da ya sa a ƙuri'ar 1959 mutanen yankin suka zaɓi a ɗage maganar shiga Najeriya. Sai da aka ba su En'e nasu, sannan a ƙuri'ar Fabrairun 1961 suka amince, aka yi Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata.

Ta ɓangaren ƙwararru ma hanyar ɗaya ce. Akintola Williams, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 104, ya zama cikakken akanta a Ingila a 1949 bayan ya yi zaman koyon aiki a wani kamfanin odita na Landan. Tsarin can a da shi ne ka rattaba hannu ka yi shekaru a ƙarƙashin maigida, da rana aiki, da dare karatun jarrabawa, wasu ma iyayensu ne ke biyan maigidan. Ya dawo ya buɗe nasa kamfani a Legas a 1952, da aka kafa ICAN a 1965 shi ne shugabanta na farko. ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta samu dokarta a 1993, ita ma ko ka gama kwalejinta ta Jos sai ka yi aiki a ƙarƙashin ƙwararre kafin ta karɓe ka.

Makarantu sun yawaita, sai masu ɗaukar aiki suka fara kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda ba hannu. Shi ya sa hukumar ITF ta ƙirƙiro SIWES a 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Polinmu da aka kafa a Yola a 1979 aka dawo da ita Mubi a 1982, ita ma a kan wannan tsari take: shekara biyu ND, shekara ɗaya aiki, sannan HND. Wato shekarar da wasu ke sayen takardarta ita kaɗai ce ta rage mana daga zaman gefen ma'aji.

Ni dai abin da na koya a cikinta babu shi a handaut. A aji an koya mana daidaita littafin kuɗi da takardar banki, lambobi tsaf-tsaf. A kasuwar Mubi kuwa za ka tarar da ɗan kasuwa mai jujjuya miliyoyi, littafinsa ɗan makaranta ne mai shafi sittin, rabi da naira rabi da sefa saboda masu saye daga Kamaru, kuma canjin safe ba shi ne na yamma ba. A kasuwar shanu ciniki da baki ake yi, dillali ne shaida, kuɗi su biyo baya in tirela ta isa Kudu. Ta yaya za ka rubuta wannan bashi? Ranar farko da aka tura ni ƙirgar kaya a wani sito, maigidana ya ce: "Ɗana, kar ka ƙirga katan, ɗaga shi ka ji nauyinsa." Na ɗaga na layin baya, uku babu komai ciki. Ba wanda ya yi faɗa, ya dai ce in rubuta abin da na gani, in sa kwanan wata, mai sito ya sa hannu.

Shi ne kuma ya ba ni labarin bayan Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka kama garin aka watse, bankuna suka rufe. Da aka dawo, wasu shagunan babu kaya babu littafi. Ya ce wata da watanni suka yi suna sake gina lissafin mutane daga takardun banki da rasitan da suka tsira, da kuma abin da masu bashi suka faɗa da bakinsu don tsoron Allah. Wanda bai taɓa rubuta komai ba, sai dai ya yi haƙuri.

Gaskiya ne wurare sun yi kaɗan. Manyan kamfanonin odita suna Legas da Abuja, 'yan jami'ar jiha ta ADSU da aka buɗe a 2002 su ma suna nema, kuma akwai ofisoshin da in ka je aikinka sayo abinci da fotokwafi, ko kuɗin keke ba a ba ka. Amma akwai sashen kuɗi na ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu, akwai ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, makarantu masu zaman kansu, gidajen mai, manyan diloli. Duk inda ka samu, ka roƙa a ba ka littafin kuɗi da bauca ka riƙe da hannunka, in da hali kuma ka yi rajistar jarrabawar ATSWA a cikin shekarar. Ofishin da na yi nawa sukan ɗauki mutum biyu duk shekara, kuma tambayar farko da maigidan ke yi ita ce ko za ka iya zuwa ranar Asabar a ƙarshen wata.