Daga Lamba Zuwa Allurar Jarirai: Tarihin Rigakafi A Taƙaice

Cikin cututtukan da suka addabi ƙasar Hausa a zamanin da, babu wadda aka fi tsoro kamar agana. In ta shiga gari takan kashe wajen mutum 3 cikin kowane 10 da ta kama, waɗanda suka tsira kuwa ta bar su da zanzana, wasu har da makanta. Tun da daɗewa mutanen Afirka ta Yamma suna da wata dabara, watau a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa ruwan ƙurjin mai agana, domin ciwon ya zo masa da sauƙi. Amma fa dabarar tana da hatsari, gama wanda aka tsaga yakan mutu wani lokaci, yakan kuma shafa wa waɗansu.

Cikin shekara ta 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya nuna cewa ruwan ƙurjin aganar shanu yana kare mutum, da hatsari kaɗan ƙwarai. Wannan shi ne asalin abin da Hausawa suka kira lamba.

Daga nan masana suka bi hanyoyi uku. Ta fari, a raunana ƙwayar cuta a bar ta da rai, kamar allurar tarin fuka ta BCG, wadda aka fara yi wa jariri a Faransa cikin 1921, da ta shawara, wadda Max Theiler ya samar cikin 1937, da ta ƙyanda ta 1963. Ta biyu, a kashe ƙwayar ɗungum, kamar allurar shan inna ta Jonas Salk ta 1955. Ta uku, a ɗauki dafin da ƙwayar take fitarwa a karya ƙarfinsa, kamar yadda Gaston Ramon ya yi da dafin mashaƙo cikin 1923. A zamanin baya-baya an ƙara ta huɗu, ta ɗaukar wani ɓangare kaɗai na jikin ƙwayar, kamar ta sanƙarau da aka soma a Nijar da Mali da Burkina Faso cikin 2010.

Sanin waɗannan iri-iri shi ne ya nuna wanda ya kamata a ɗaga wa. Galibi ba a ba mai ciki allura mai rai, haka kuma wanda garkuwar jikinsa ta raunana ƙwarai. Wanda wata allura ta taɓa tayar masa da mummunan borin jini, ba a maimaita masa ita. Amma mura, ko ɗan zazzaɓi, ko zawo mai sauƙi, ba hujja ba ne ta a hana yaro rabonsa.

To, cikin 1967 aka tasam ma agana gadan-gadan a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Cikin 1970 aka ga ta ƙarshe a Nijeriya, cikin 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta ƙarewarta. Sai dai ba kowace cuta ke mutuwa haka ba. Ƙwayar sarƙewar haƙora a cikin ƙasa take zaune, ƙyanda kuwa jira take jarirai su taru ta auka musu. Saboda haka cikin 1974 hukumar ta kafa shirin yi wa kowane jariri allura bisa lokatai ƙayyadaddu.

Tarihi ya gwada abin da sake yake jawowa. Sa'ad da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano cikin 2003, cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Indonesiya. Da aka koma cikin 2004 aka dage, sai ga shi cikin 2020 an shaida Afirka ta kuɓuta daga shan inna na asali. Garkuwar lamba da allura dai ba a gadonta. Kowane jariri da aka haifa, bashi ne sabo a wuyan iyayensa da mahukuntan ƙasarsa.