Ginshiƙan Ikka da Ruwan da Ke Ɗumama

A kudu maso yammacin Girinlan akwai wani siririn mashigin teku mai suna Ikka, wanda ɗaruruwan fararen ginshiƙai ke tsaye a ƙarƙashin ruwansa, wasunsu tsawonsu ya kai mita 18. Mutanen Inuwit sun daɗe da saninsu, har suna ba da labari cewa tsoffin Turawan da suka zauna ƙasar ne suka nitse suka zama dutse, amma sai a 1963 masanin ma'adinai ɗan Denmark, Hans Pauly, ya bayyana cewa abin da aka gina su da shi wani nau'in farar ƙasa ne wanda kowace ƙwayarsa ke riƙe da ƙwayoyin ruwa shida, ya kuma raɗa masa suna ikayit. Tun a ƙarni na 19 masana sinadarai sun haɗa shi a ɗakin gwaji, ba tare da sanin cewa yana samuwa da kansa a teku ba.

Binciken masu ninƙaya daga 1995 ya nuna cewa ruwan marmaro mai kanwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasan mashigin, yana haɗuwa da ruwan teku mai sinadarin kalsiyam, sai ma'adinin ya daskare ya riƙa hawa sama. Sai dai ikayit ba ya jure zafi, domin da ruwa ya zarce kimanin digiri 6 yakan saki ruwan da ke jikinsa, ya rikiɗa zuwa wasu nau'o'in farar ƙasa, abin da ya sa masu bincike suke ɗaukarsa cikin sanyi kamar ƙanƙara.

Saboda haka aikin ya sake komawa ɗakin gwaji, inda masu bincike Gabrielle Stockmann da Elin Tollefsen suka riƙa gauraya ruwan teku da ruwan kanwa a matakan zafi daban-daban. Sun gano cewa magniziyam ɗin ruwan teku yana hana farar ƙasa ta yau da kullum fitowa, don haka ikayit yana iya samuwa ko a ruwa mai ɗumi, amma ba ya daɗewa. Wannan rashin jure zafi ya zama abin damuwa, domin a 2019 an auna ruwan Ikka ya haura digiri 6, kuma dokar kariyar da hukumar Girinlan ta kafa wa wurin a 2000 tana iya hana mutane fasa ginshiƙan, amma ba ta da iko a kan zafin teku.