Tsohon Doki a Turken Gobir

Kakana ɗan barga ne a gidan hakimi, kuma a bakinsa na fara jin cewa a ƙasar Gobir ba a kwance tsohon doki daga turke. Wanda ya yi shekaru yana ɗaukar ubangidansa, in haƙoransa suka cinye, sai a jiƙa masa dusa da ɗan kanwa, a bar shi a inuwa har ajalinsa ya zo. Su ba su kira wannan agaji ba. Haƙƙin doki suke ce masa.

Ba abin mamaki ba ne. A bayan doki Gobir ta yi suna tun zamanin Bawa Jan Gwarzo. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, a kan doki Gobirawa suka yi ta ƙaura har suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Mutumin da doki ya fitar da shi daga bakin mashi ba ya manta masa.

Yaƙi ya ƙare da zuwan Turawa a 1903, doki ya koma na rangadi da hawan salla. Sai farin 1973 da na 1984 suka sa damin harawa ya gagari talaka, babur kuma ya zo ya ƙarasa sauran. Amma abin da ya karya barga a Burkusuma da ƙauyukan Isa shi ne 'yan bindiga. Wanda ya gudu da dare zuwa Gidan Rumji da 'ya'ya a kafaɗa, ina zai tsaya kwance dabaibayi? A 2021 gwamnatin Sakkwato ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu saboda tsaro, mai doki ya rasa abin ciyar da shi, ya rasa inda zai sayar. Da aka buɗe, dillalai suka riƙa lodin ramammu zuwa kudu, inda ake yanka su a irin kasuwar Obollo Afor ta jihar Enugu.

A lokacin ne mu 'yan kaɗan, jikokin 'yan barga, muka fara karo-karo muna fanso su. Wani likitan dabbobi ya ba ni labarin Dorothy Brooke, Baturiyar da ta tarar da tsofaffin dawakin sojan Ingila suna jan kaya a Alƙahira, ta saye kusan 5,000, ta buɗe musu asibiti a 1934. Na ce masa, likita, ai matar nan ta san haƙƙin doki.

Aikin ya koya mana abin da kakana bai sani ba. Dokin da yunwa ta cinye, in ka cika masa gaba da gero don tausayi, kai ka kashe shi; ciyawa kaɗan-kaɗan ake ba shi, dare da rana, tsawon makonni. Gyambon sirdi kuwa mun daina sa masa ƙarfe mai zafi. Wanki da ruwan gishiri, magani, da hana ƙuda. Dattawa sun yi mana gardama sosai a kan wannan, har suka ga bayan wata goɗiya ya rufe ya fitar da gashi.

Tana nan a turke na biyu. Da aka kawo ta, mutum huɗu ne suka tallabe ta da buhu kafin ta tsaya. Jiya da asuba ta tsinke ragama ta shiga rumbun harawar maƙwabcina, na biya shi dami biyu ina murna.