Yayen Kwalejin Katsina: Shekara Uku, Ɗalibai Uku

A ranar 5 ga Maris, 1922, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Katsina a lokacin gari ne madaidaici da ganuwa ta zagaye, amma ta daɗe da suna a fagen ilimi, ga Hasumiyar Gobarau nan shaida. Da ƙasa aka gina makarantar, bisa tsarin magina Hausawa. An kafa ta ne don a samar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa.

Kowane lardi yakan zaɓo yaran da suka yi fice ya turo. Na nesa sukan yi tafiyar kwanaki a ƙasa kafin su hango ganuwar gari. Karatun na shekara biyar ne, da Turanci ake koyarwa, tare da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da Larabci. Da yamma kuma a fita wasan kurket da fayif. Cikin malamansu har da Malam Bello Kagara.

Ranar yaye, takardar shaida ba ita ce ƙarshen magana ba. Lardin da ya turo yaro yana jiran abinsa. Wanda aka sallama yakan ɗaure kayansa ya koma gida, ya ɗauki alli ya tsaya gaban allo.

Dubi abin da yaye uku a jere suka haifar. A 1931 aka yaye Ahmadu Bello, ya koma Sakkwato ya koyar a makarantar Midil, kafin a naɗa shi Sarkin Rabah a 1934. A 1932 Abubakar Imam ya gama, ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. A 1933 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi tasa takardar, ya koma Midil ta Bauci. A wannan shekarar ce aka shirya gasar rubuta littattafan Hausa, inda Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, malaminsu Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki. Daga baya Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa, Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Dukkansu daga aji suka fara.

Makarantar ta tashi daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda a yau ake kiranta Kwalejin Barewa. Tsohon gininta na Katsina ya zama gidan adana kayan tarihi.

Yau muna yaye dubbai, ana ɗinkuna ana kaɗe-kaɗe, amma ɗalibi nawa ne ke burin komawa ƙauyensu ya koyar? Ina kira ga shugabannin makarantu su riƙa kai 'yan ajin ƙarshe ziyara wannan gini kafin a sallame su. Su ga ɗakunan ƙasar da magabata suka zauna, su san cewa ilimi bashi ne, kuma al'ummar da ta ɗauki nauyinka ita za ka biya.