Kofin da Aka Ƙwace wa Jami'ar Howard

A ƙarshen Disambar 1971, a filin Orange Bowl na birnin Miami, 'yan ƙwallon Jami'ar Howard suka lallasa Jami'ar Saint Louis da ci 3 da 2, suka ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na jami'o'in Amurka. Howard jami'ar baƙaƙen fata ce a birnin Washinton, kuma kafin ranar babu wata irinta da ta taɓa cin kofin rukunin farko na NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in ƙasar. Saint Louis kuwa gagarabadau ce mai tinƙaho da cewa yaranta 'yan gida ne. Kocin Howard, Lincoln Phillips, mutumin Tirinidad ne, yaransa kuma galibi daga Karibiyan da Afirka suka fito.

Ba a jima ba murna ta koma ciki. A 1973 hukumar ta ƙwace kofin, ta ce an sa 'yan wasan da ba su cancanta ba, ta kuma hana Howard shiga gasar wannan shekarar. Cikin dokokin da ta kafa hujja da su har da wadda aka yanka wa baƙi su kaɗai: in ɗalibi ya haura shekarun da aka ƙayyade yana buga wasa a ƙasarsu, kowace shekara sai a zabge masa ita daga wa'adinsa na wasa a jami'a. Ɗan Amurka da ya yi hakan a gida, ba mai ce masa uffan.

Howard ta garzaya kotu. Mai shari'a Gerhard Gesell ya ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, domin ta bambanta mutane bisa ƙasar da suka fito. Sai dai ya bar sauran dokokin da aka kama jami'ar da su, don haka kofi bai dawo ba. Yaran Phillips suka rama a fili. A 1974 suka ci wasa 19 a jere, suka bi Saint Louis har garinsu, aka yi ƙarin lokaci sau huɗu, sannan Kenneth Ilodigwe, ɗan Najeriya, ya zura ƙwallon da ta raba gardama, aka tashi 2 da 1.

Da ƙofa ta buɗe, sai ƙurar ta koma fagen tsere. Henry Rono na Kenya yana ɗalibi a Jami'ar Jihar Washinton ya karya tarihin duniya huɗu cikin kwana 81 a 1978. Suleiman Nyambui na Tanzaniya ya shiga Jami'ar Texas ta El Paso yana da wajen shekara 25, ya kwashe kambun NCAA 15, ya kuma ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Mosko a 1980. A nan, gaskiya, masu ƙorafi suna da abin faɗa. Yaron da ya gama sakandare jiya ba sa'an gogaggen da ya zaga duniya ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin mai gemu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ya san zafin abin. Laifin tsohuwar doka shi ne fasfo take dubawa, ba shekaru kaɗai ba. Daga baya hukumar ta sake lale, ta kawo dokar shekaru da ta hau kan kowa, baƙo da ɗan gida.

Ta wannan ƙofa ɗan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980. Yau a wasan tanis na rukunin farko baƙi sun fi rabin 'yan wasa.

Amma wani shingen ya sake tasowa. Tun Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Baƙon da ya shigo da bizar karatu kuwa, dokar shige da fice ta ɗaure masa hannu wajen neman kuɗi a cikin Amurka, ko da shi ne ya ciyo wa makarantar kofin.